Akwati Cike, Babu Na Sawa

Akwai wata cuta da ta daɗe tana cin gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa a biranen ƙasar nan, tun daga Sakkwato har Ikko, wadda likita ba ya ganinta, kantin magani kuma ba ya sayar da maganinta. Alamarta ita ce mutum ya buɗe akwati ko kabad da sassafe, ya tarar tufafi sun cika maƙil har murfi ba ya rufuwa, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya juya waccan ya girgiza kai, daga bisani ya koma kan rigar nan dai da ya tuɓe shekaranjiya. Uwargida ma ba ta tsira ba. Sai a aiko mata da goron suna ta ce ba ta da na fita, alhali kuwa akwatunan lefenta na nan jere a kusurwar ɗaki, wani ma tun ran da aka kawo shi ba a ga ƙarƙashinsa ba.

In aka bi sawun wannan cuta za a tarar ba talauci ya kawo ta ba. Kowace riga da ke cikin akwatin nan da kuɗi aka saye ta, wata ma da bashi. Abin da ya faru shi ne tufafin sun shigo gidan ne ta ƙofofi huɗu, watau biki, da Salla, da araha, da yayi, ba kuwa ɗaya daga cikin ƙofofin nan da ke tambayar mutum irin aikin da yake yi, ko irin zafi da sanyin garin da yake zaune. Don haka sai a tara kayan kwana goma na shagali, a bar sauran kwanakin shekara 355 babu tanadi.

Turawa ma sun sha fama da wannan al'amari, har suka yi masa dabara. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ran 1 ga Yuni 1941, gwamnatin Ingila ta sa doka cewa ba mai sayen tufafi sai da tikiti, aka ba kowane baligi tikiti 66 na shekara guda, abin da bai wuce ya ɗinka sutura ɗaya cikakkiya ba. Dokar ba ta tashi ba sai a 1949. Mutane suka koyi ƙidaya kafin saye, suka koyi faci da juya tsohuwar riga. Da wadata ta komo aka manta, sai a shekarun 1970 wata mai kantin tufafi a Landan, Susie Faux, ta shiga yi wa masu ciniki da ita nasiha su tsaya kan 'yan kaya kaɗan masu ƙwari, waɗanda launinsu ya dace da juna, ba sa kuma tsufa da wucewar yayi. A 1985 wata gwanar tsara ɗinki a Amurka, Donna Karan, ta fito da kaya bakwai kacal ta ce mace mai aiki za ta iya sarrafa su daga ofis har wurin liyafa. Daga nan maganar taƙaitaccen akwati ta bazu a duniya.

To, amma wanda ya san tarihin ƙasar Hausa ba zai ɗauki wannan a kan baƙon ilmi ba. Fataken da ke tafiya Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya, rani ya same su a wani gari, damina ta tare su a wani, tufafinsu kuwa ba su fi ƙunshi ɗaya a kan jaki ba. Suturar Bahaushe tun asali a jere aka tsara ta, wata bisa wata. In zafi ya yi a tsaya ga 'yar shara da wando, in za a shiga mutane a ɗora taguwa, in taro ne ko sanyi a aza babbar riga, rawani kuma ya tare rana ya tare ƙura. Zanen mace kuwa babu tufar da ta kai shi aiki a duniya. Shi ne ɗauri, shi ne goyo, shi ne lulluɓi da dare, in baƙuwa ta zo a shimfiɗa mata, in ya tsufa ya koma tsumman jariri. Ba ya matse mai ciki, ba ya yi wa mai jego yawa. Dabarar tana nan a gida, sakaci ne ya binne ta.

Sakacin nan yana da tarihi. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, albashi ya yi tsalle, ga kuma bashin watanni a dunƙule, sai kasuwa ta rikice. Aka shiga sayen leshi da shadda ba ƙidaya, wanda bai canja riga kullum ba a ce masa bai waye ba. Kuɗin suka ƙare, gwamnatin Shagari ta shelanta tsuke bakin aljihu a 1982, darajar naira ta karye daga 1986, ta sake faɗuwa warwas a 2023 bayan cire tallafin mai. Aljihu ya sauya sau uku, amma halin sayen tufafi na zamanin Udoji bai sauya ba.

Wanda ke son ya gyara akwatinsa, da shekara zai fara, ba da kasuwa ba. A arewacin ƙasar nan bazara ita ce alƙali. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Nguru, duk rigar da ba ta iya ratsa watannin nan uku ba, ba ta cancanci a kira ta rigar shekara ba. Nan ne auduga ke nuna fifikonta. Zarenta yana shan gumi ya sake shi ga iska, jiki ya sami sanyi. Yadin roba kuwa, komai kyan sheƙinsa a kanti, riƙe gumin yake yi a kan fata, sai mutum ya wuni kamar an kulle shi cikin leda, ga ƙuraje, ga wari tun kafin azahar. Gane su ba wuya. A zare zare ɗaya daga bakin yadin a kusanta shi da ashana: auduga za ta ci wuta ta bar toka mai laushi da ƙaurin takarda, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule kamar ƙwallon ƙaro. Ɗan kasuwar da ya hana a yi wannan gwaji ya riga ya ba da amsa.

Akwai kuma abin da masu ɗinkin Salla kan manta. Watan Salla yana ja da baya da wajen kwana 11 kowace shekara, saboda haka bikin da ya faɗo cikin sanyin Disamba a 2000 shi ne ya faɗo tsakiyar zafin Afrilu a 2024. Wanda ya saba ɗinka mai nauyi don Idi tun yana saurayi, bai lura kalanda ta juya ba, shi ne akan gani a filin Idi yana fifita da hularsa.

Hunturu ba ya bukatar akwati na dabam, ƙari yake bukata. Kaftanin nan na bazara shi ne na Janairu, sai dai a sa singileti mai kauri a ciki, a ɗora suwaita ko falmaran a waje, a sa safa. Suwaita ɗaya mai kyau ta ishi mutumin Kano ko Katsina, amma na Jos da Mambila, inda sanyin dare ke shiga ƙashi, sai ya ƙara da kwat. Mai hankali a watan Afrilu yake sayen suwaitarsa wurin 'yan gwanjo, sa'ad da ba mai waiwayarta, ba a Disamba ba da kowa ke rububi. Hazo kuma ba ya ƙaunar fari tas, ba ya ƙaunar baƙi ƙirin, dukansu biyu tona asirin ƙura suke yi. Ruwan ƙasa da ruwan toka su ke rufa wa mai babur asiri.

Damina tata matsalar ita ce shanya. Riga takan kwana biyu a igiya ba ta bushe ba, don haka yawan kayan yau da kullum sai ya kai yadda mutum zai ga ƙarshen mako ko da rana ba ta fito ba. Wannan ya fi shafar 'yan'uwa mazauna kudu, na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Fatakwal, inda ruwa kan ɗauki fiye da rabin shekara. A can yawan tufafi hasara ce a fili. Duk abin da aka rufe a akwati aka manta da shi wata biyu, fumfuna ta riga mai shi sawa, takalmin fata ma sai ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Ga shi ɗakin haya a Ikko ba shi da wurin da za a ba akwati biyar masauki. Abin da zai ƙara a nasa lissafin shi ne suwaita guda ta zuwa ganin gida, don kada ya sauka a tashar Kano cikin Disamba yana karkarwa, yara na dariya.

Da an san shekara sai a zo ga ƙidaya. Magidancin da ke fita ofis ko kanti kwana shida a mako, kaftani shida na auduga sun ishe shi, in launinsu mai natsuwa ne: fari, ruwan madara, ruwan toka, ruwan ƙasa, shuɗi mai haske da mai duhu. Amfanin irin waɗannan launuka shi ne kowace hula ta hau kansu, wandon wannan kuma ya bi rigar waccan ba wanda zai ɗaga ido. Ga wata dabara da tsofaffin teloli suka sani: wando ne ke riga mutuwa, domin shi ke shan zama da goga da laka. Kaftani da wando kan ci wajen yadi biyar. In mutum ya ƙara biyu aka yanka masa wando na biyu daga yadin nan, ya ninka ran kayan ke nan da ɗan kuɗi kaɗan. Babbar riga biyu sun wadatar, ko da yake kowace da 'yar cikinta da wandonta takan lashe yadi goma: fara ɗaya ta Juma'a da Idi, mai duhu ɗaya ta ɗaurin aure da ta'aziyya. Sai hula uku ko huɗu, 'yar shara biyu ta zaman gida, takalmi sau-ciki, da fade, da na roba don damina. In aka haɗa duka da kayan sanyi ba su fi ashirin da 'yan kai ba, za su kuwa kai mutum daga wannan kaka zuwa waccan bai ji kunya a gaban kowa ba.

Na mata ya fi wannan wuyar sha'ani, domin atamfa ba ta san launi mai natsuwa ba, kowace da ranta take zuwa. Amma akwai inda ake kama bakin zaren, watau mayafi. Yawancin matan da ke cewa ba su da na fita, in aka bincika ba atamfa suka rasa ba, mayafin da zai hau kanta suka rasa, sai kowane sabon turmi ya jawo sabon gyale da sabuwar jaka da sabon takalmi. In mace ta juya lissafin, ta mallaki mayafi huɗu marasa ado, baƙi da fari da ruwan goro da shuɗi mai duhu, sa'an nan ta ƙi sayen duk atamfar da ɗayansu bai hau ba, ta toshe babbar kafar da kuɗi ke zurarewa. Atamfa shida ko bakwai na fita, leshi biyu na taro, doguwar riga biyu, da na aikin gida, sun isa shekara. Ɗinkin kuma ya zama riga da zane, ko doguwa mai walwala. Matsattsen ɗinkin yayi, haihuwa ɗaya ke raba shi da mai shi har abada.

Amarya kuwa, babbar ɓarnar da ake sa ta yi ita ce a kwashe lefe gaba ɗaya a kai wa tela tun kafin tarewa. Turmin da ba a yanka ba dukiya ce. Yana jiran shekara biyar bai rage daraja ba, ana iya ba da shi gudummawa, ana iya sayar da shi ran da gida ya shiga matsi, kamar yadda iyaye mata suka riƙa yi da 'yar Holan ɗinsu. Wanda almakashi ya taɓa kuwa ya zama na jikin da aka auna ran nan, jikin amarya kuma ba ya tsayawa inda aka auna shi. Kashi ɗaya cikin uku ya isa a ɗinka a shekarar fari.

Duk wannan tsari yana da abokin gaba guda, sunansa anko. Al'ada ce da ta hauro daga ƙasar Yarabawa, inda tun asali dangi ne kan yi shigar bai ɗaya don a san su a taro. Da ta iso arewa sai ta zarce dangi ta kama ƙawaye, da ƙawayen ƙawaye, da abokan ango, da matan ofis, har ya zama biki ɗaya na iya fitar da anko uku: na kamu, na walima, na liyafar dare. Ba mai bikin ke biya ba, wanda aka gayyata ke biya, ba shi ya zaɓi launin ba, ba shi ya zaɓi yadin ba, bayan biki kuma ba ya iya sawa ya shiga unguwa ba a ce ga ankon bikin wance ba. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. A lokacin da bukukuwa ke yawa, bayan Salla ko ƙarshen shekara, gayyata uku na iya haɗiye wannan kuɗi ba a sayi ƙwayar shinkafa ba. Gidaje nawa aka yi kwanan gaba saboda maigida ya ce ba shi da na anko, mata nawa suka ci kuɗin adashi tun kwasarsu ba ta zo ba, wannan sai masu sulhun aure za su faɗa.

A gwada da lissafi. A ce mutum ya kashe naira 90,000 kan shadda mai kyau da ɗinkinta, yana sawa sau ɗaya a mako har shekara uku, watau wajen sau 150. Kowace sawa ta tsaya masa naira 600. A ce kuma ya sayi anko na naira 30,000 ya sa sau biyu. Kowace sawa ta tsaya masa naira 15,000. Wanda ake wa kallon mai tsada shi ne mai sauƙi. Ba a ce a yanke zumunci ba, amma ana iya kafa iyaka: ankon ɗan'uwa na jini da na amini a yi, saura kuwa a je da abin da ake da shi, a kai gudummawa a hannu. Rabin kuɗin ankon in an miƙa wa uwar amarya ya fi yi mata amfani da ganin mutum ɗari cikin launi ɗaya.

Maganar ƙwari kuwa ta ƙara nauyi a wannan zamani. Da can masaƙun Kakuri a Kaduna, tun daga na farko da aka buɗe a 1957 da babban nan na UNTL da ya biyo baya a 1964, suna saƙa audugar Funtuwa da Gusau, talaka na samun yadi mai ƙwari daidai aljihunsa. Tsakanin 2002 da 2007 manyansu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, yadin waje mai araha, yawancinsa daga Sin, ya cika Kantin Kwari da sauran kasuwanni. A cikinsa akwai nagari, akwai kuma wanda aka cika da sitaci da sheƙi, wanki ɗaya ya koma kamar matacin koko. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Mai saye ya murza bakin yadin tsakanin yatsu, in gari ya zubo ko saƙar ta buɗe, ya ajiye. Ya ɗaga shi ga haske ya ga ko zaren ya yi daidai. In mai launi ne ya jiƙa farin ƙyalle ya goga, ya ga abin da zai biyo shi.

Kaya kaɗan sai da kulawa, in ba haka ba wata shida sun gama. Shadda ba ta son a jiƙa ta cikin garin sabulu ta kwana, maiƙonta ke tafiya. Mai launi a juya cikinsa waje a shanya a inuwa, domin ranar bazara ta fi kowane wanki cin launi. A bar riga ta sha iska kafin a ninke, a jefa kafur cikin akwati saboda asu da kyankyaso. Farar riga kuma in ta dushe ba ta mutu ba. Marinar Ƙofar Mata a Kano na nan tana aiki, a kai ta a tsoma a baba, a miƙa wa masu bugu, ta komo shuɗiya tana ƙyalli, ta sake wasu shekaru. Haka kakanni suka yi, a zamanin da Bature Barth ya iso Kano a 1851 ya tarar rinin garin da saƙarsa na kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Na yara kuwa a gaya wa tela ya bar lanƙwasa mai faɗi a ƙafar wando da hannun riga, a riƙa saki kowace shekara.

Wurin farawa ba ya cin ko kwabo. A zaɓi ranar hutu a zazzage akwatin gaba ɗaya bisa tabarma, a ware abin da aka sa cikin watanni goma sha biyun da suka wuce. Yawancin mutane za su yi mamakin ƙanƙantar wannan tari, shi ne kuwa ainihin suturarsu. Abin da ya saura a raba shi uku: mai bukatar gyara a kai wa tela, mai bukatar rini a kai marina, wanda ya matse ko aka daina so a fitar da shi tun yana da sauran amfani, ga ƙanne a ƙauye, ga almajirai da za su shiga sanyin bana da riga ɗaya. Sa'an nan a duba giɓin da ya rage, a rubuta shi a takarda, kada a shiga kasuwa sai da takardar nan a aljihu.

Ɗinkin cike giɓin kuma kada a bari sai azumi ya raba tsakiya, lokacin da tela ke kwana bisa keke, yaransa na haɗa wuyan wannan da hannun wancan, alkawarinsa kuma ya zama na gobe-gobe har daren Salla. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako biyu bayan Salla shagon nan shiru yake, telan ya huta, zai auna mutum a natse, ya karɓi kuɗin da ya fi sauƙi, ya kuma ba da kaya ran da ya ce.